Yadda matashiyar malama za ta shirya tafiya Amurka koyar da Hausa

Tun da na dawo daga shekarar da na yi ina koyar da Hausa a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka, da wuya wata ya wuce ba tare da wata ƙanwa ko tsohuwar ɗaliba ta tare ni da tambayar yadda aka yi na tafi ba. Wasu suna zaton akwai wani babban mutum da ya tsaya mini, wasu kuma suna roƙon in haɗa su da ejan ɗin da ya yi mini hanya. Ko ɗaya babu. Na tafi ne ta wani shiri da ake sanarwarsa a fili, kuma neman gurbin shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da na fuskanta. Abubuwan da suka fi ba ni wahala su ne gyaran takarduna, da shawo kan mutanen gidanmu, da kuma gano cewa harshen da na sha a nono ban san shi irin sanin da ake bukata ga mai koyar da shi ba. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da zan bi da a ce yau zan sake farawa daga tushe.

Ki san hanyar da sunanta

Shirin da na bi reshe ne na tallafin Fulbright, wanda aka kafa a 1946 bisa ƙudurin Sanata J. William Fulbright na jihar Arkansas. Reshen da ya shafe mu, wanda ake taƙaita sunansa da FLTA, ya fara ne a 1968, kuma manufarsa ita ce a kawo matasan malamai daga wasu ƙasashe su koyar da harsunansu a jami'o'in Amurka na tsawon shekarar karatu ɗaya. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ke ɗaukar nauyinsa, wata cibiya mai suna IIE ce ke gudanar da shi da rarraba malamai zuwa jami'o'i, a Najeriya kuwa sanarwar tana fitowa daga Ofishin Jakadancin Amurka da ke Abuja, kuma harsunan da aka saba nema su ne Hausa da Yarabanci.

Ya kamata ki fahimci abin da shirin yake bayarwa tun kafin ki sa rai. Ba digiri za ki yi ba. Za ki tafi wajen watan Agusta ki gama wajen watan Mayu, za ki yi aikin koyarwa wanda bai wuce sa'o'i 20 a mako ba, kuma wajibi ne ke ma ki ɗauki darussa biyu a kowane zangon karatu. Ana biyan kuɗin jirgi, da alawus na zama, da wani tsari na kula da lafiya. Ba a yarda ki tafi da miji ko ɗa ba, kuma ba ke za ki zaɓi jami'ar da za a tura ki ba. Jami'o'i irin su Wisconsin da ke Madison, da Indiana da ke Bloomington, da Michigan State, da Boston sun daɗe da tarihin koyar da Hausa, amma inda ake bukatar malami yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Haka nan dokokin shiga Amurka ga 'yan ƙasashen Afirka suna sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati, saboda haka aikinki na farko shi ne ki shiga shafin ofishin jakadancin ki tabbatar an buɗe shirin ga 'yan ƙasarku a wannan shekarar.

Akwai wasu hanyoyin na gaskiya. Gwamnatin Najeriya tana da shirin TAC, wanda aka kafa a 1987 zamanin Janar Ibrahim Babangida, da ke tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Pasifik, kuma ƙasashe irin su Gambiya da Yuganda sun daɗe suna karɓar malamanmu ta wannan hanya. Ingila ma a 2023 ta buɗe wa malaman wasu darussa, musamman lissafi da kimiyya, da suka yi horo a Najeriya da Gana damar neman shaidar ƙwarewar koyarwa ta ƙasarsu. Abin da ya haɗa waɗannan hanyoyin duka shi ne kowace tana da hukuma mai suna da ofis, kuma ke da kanki kike cike takardar nema.

Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi da fasfo ya samo miki aikin koyarwa a waje, ba tare da ya nuna miki sunan makaranta da rubutacciyar yarjejeniya da irin bizar da za a ba ki ba, ki guje shi ko da ɗan'uwa ne ya kawo shi. A farkon 2020 jaridu sun ɗauki labarin wata matashiya 'yar Najeriya da aka yi wa alkawarin aikin koyar da Turanci a Lebanon, ta je ta tsinci kanta tana aikatau a gidan da ba ta da ikon fita, sai da hukumomi suka sa baki aka dawo da ita. A nahawun Hausa kalmar aikatau tana nufin kalmar aiki, kuma abin takaici ne yarinya ta bar gida da niyyar koyar da wancan aikatau ɗin ta ƙare a wannan. Idan kin yi shakkar wani tayi, hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane, tana da ofisoshi a manyan birane, Kano na ciki.

Takardu

Ki fara da sunanki. Ki baza takardunki duka a kan tabarma, daga shaidar haihuwa zuwa sakamakon sakandare, da shaidar digiri, da ta bautar ƙasa, da katin NIN, ki duba ko sunan da ranar haihuwar iri ɗaya ne a kowacce. Mu Hausawa wannan ne ramin da muka fi faɗawa, domin yarinya ɗaya tana iya zama Aisha a firamare, A'ishatu a sakandare, sunan mahaifinta ya koma Mohammed a wata takardar bayan Muhammad ne a wata, ko kuma a maye gurbinsa da sunan garinsu. A gida ba wanda ya damu, amma jami'in da ke duba takardunki a waje mutum biyu yake gani. Nawa sunan mahaifin an rubuta shi iri uku, sai da na yi rantsuwa a babbar kotu, na buga sanarwa a jarida, sannan na gyara bayanan NIN kafin in nemi fasfo, domin Hukumar Shige da Fice tana ɗauko bayananki ne daga can. Fasfon iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma, kuma na farkon ya ishe ki.

Abu na biyu shi ne cikakken sakamakon darussanki na jami'a, wanda ake kira tiransikirif. Ki nema tun kafin a buɗe shirin. Nawa ya ɗauki kusan wata uku, na yi ta zarya tsakanin ofisoshi har na haddace sunayen masinjoji, kuma saura kwana kaɗan a rufe karɓar takardu ya fito. Idan kina da rajista da hukumar TRCN mai yi wa malamai rajista, ki sabunta lasisinki, domin shaida ce cewa koyarwa sana'arki ce. Za a kuma bukaci wasiƙun shaida guda uku daga mutanen da suka san aikinki. Malamin da ya duba kundin digirinki, ko shugabar makarantar da ta taɓa zama a bayan ajinki tana kallon yadda kike koyarwa, sun fi miki amfani a kan wani mai babban muƙami da bai taɓa ganin ki riƙe da alli ba, wanda zai rubuta layi huɗu na yabo da zai dace da kowa.

Idan ma'aikaciyar gwamnati ce ke, ki nemi izinin tafiya a rubuce, da sa hannu da hatimi, a bayyana ko da albashi ne ko babu, da ranar da za ki koma bakin aiki. Amincewar baki ta shugaban makaranta ba ta da amfani ranar da aka zo tantance ma'aikata aka tarar ba kya nan.

Maganar gida

Wannan ba a cike shi a fom, amma a wurinmu shi ne ke yanke hukunci. Kuskuren da na ga mata da yawa sun yi shi ne ɓoye maganar har sai an zaɓe su, sannan su zo wa iyaye da ita kamar an riga an gama. Uba da aka sanar da shi a ƙarshe yana iya ƙi don kawai an tsallake shi, ko da a ransa ba ya ƙin tafiyar. Ni da Hajiyarmu na fara, ita ta ce kada in tunkari Baba kai tsaye, in bi ta wurin Kawu, ƙanenta, wanda ya yi karatu a Sudan kuma Baba yana jin maganarsa. Ranar da aka zauna na kawo takardar shirin da na fassara zuwa Hausa da hannuna, na nuna musu wanda zai biya kuɗi, da inda zan zauna, da watan da zan dawo. Baba ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce, “To, wa zai karɓe ki a can, kuma wa za mu kira idan mun ji shiru?” Ki tanadi amsar wannan tambayar kafin a yi miki ita.

Batun tafiyar mace ba tare da muharrami ba zai taso, kuma bai kamata ki ɗauke shi da wasa ko ki mai da shi gardama ba. Magana ce ta malamai, sun kuma yi bayanai mabambanta a kanta dangane da amincin hanya da na masauki. Ku je wurin malamin da gidanku suka yarda da shi, ki faɗa masa gaskiyar yadda tafiyar take ba ƙari ba ragi, domin ki tafi da natsuwa. Idan kina da aure, ko an sa miki rana, to maganar ta mutum biyu ce tun daga ranar farko, musamman da yake shirin bai yarda da rakiya ba. Wata tara ba kwana tara ba ne.

Neman gurbi da biza

Ana cike takardar nema a intanet fiye da shekara guda kafin tafiyar, kuma ba a biyan ko sisi. Shirin ya fi karkata ga matasan malaman Turanci ko fannonin da ke kusa da shi, waɗanda ba su daɗe da fara aiki ba. Za ki rubuta bayanai game da kanki da manufarki, kuma a nan ne mafi yawan masu nema suke zubar da damarsu, domin suna cika shafi da cewa suna son zama jakadun al'ada kuma Najeriya ƙasa ce mai albarka. Masu tantancewa sun karanta irin wannan sau ɗari. Ki ba su labarin ajinki na gaskiya: ɗalibai nawa ne, wace matsala kika tarar, me kika gwada, me ya yi aiki, kuma me kike so ki koyo ki dawo da shi. Za a bukaci jarrabawar Turanci ta TOEFL, wadda a tsarin da muka rubuta ake neman maki kusan 80 cikin 120. Ɓangaren magana ne ya fi kayar da mutanenmu, saboda kwamfuta za ki yi wa magana cikin daƙiƙoƙi ƙididdigaggu, don haka ki riƙa gwaji da agogo kina naɗar muryarki a waya kina saurare.

A ganawar baki ana iya cewa ki koyar da wani abu na Hausa cikin minti biyar. Kada ki fara da tarihin Bayajida. Ki koya musu gaisuwa, ki sa su maimaita, ki gyara musu.

Idan an zaɓe ki kuma an samo miki jami'a, za a aiko miki da takardar DS-2019, wato shaidar cewa an karɓe ki a shirin, ki cike fom ɗin neman biza mai suna DS-160, ki je ganawar biza a Abuja ko Legas. Bizar ita ce J-1, ta masu musayar ilimi, kuma tana ɗauke da sharaɗin da ya kamata ki sani tun yanzu: bayan kin gama sai kin koma ƙasarki kin yi shekara biyu kafin ki cancanci bizar aiki ko ta zama a Amurka. Wadda take neman hanyar ƙaura ta nemi wata ƙofar. Jami'ar za ta kuma nemi shaidar rigakafin ƙyanda da makamantansu, da gwajin tarin fuka. Da yake yawancinmu an yi mana allurar BCG ta rigakafin tarin fuka muna jarirai, gwajin fata yana iya nuna kamar akwai cutar alhali babu, saboda haka ki nemi gwajin jini idan an ba ki zaɓi.

Ki koma ki koyi Hausa

Watannin da ke tsakanin zaɓe da tafiya su ne mafi daraja, kuma ni na ɓatar da su wajen ɗinkuna da sallama. A mako na biyu da fara aji wata ɗaliba ta tambaye ni dalilin da ya sa ake cewa “sun zo” amma kuma a ce “su ne suka zo”, alhali duka biyun abu ne da ya wuce. Na buɗe baki na rasa abin faɗa, daga ƙarshe na ce haka ake faɗa. Ta rubuta wani abu a littafinta, ni kuwa na kwana ina juyi. Amsar tana cikin kowane littafin nahawun Hausa: shuɗaɗɗen lokaci iri biyu ne, kuma na biyun yana zuwa bayan kalmomin tambaya, da cikin jimlar dogarau irin “mutanen da suka zo”, da inda aka ƙarfafa wani abu aka gabatar da shi, da kuma wajen jera aukuwar labari. Kowace Bahaushiya tana amfani da wannan ƙa'ida ba tare da kuskure ba tun tana shekara huɗu, amma bayyana ta ga baƙo wani ilimi ne daban.

Abu mafi muhimmanci da za ki koya shi ne karin sauti da tsayin wasali, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Mu muna karanta “kuka” mu gane daga jimla ko hawaye ake nufi ko bishiya, ɗalibinki kuwa ba shi da wannan gatan. Dole ki iya gaya masa cewa kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu duka sama suke, kukar miya kuwa sama ce sannan ƙasa. Cewa wuyan jiki sama da ƙasa ne, wuyar sha'ani kuwa ƙasa da sama. Cewa garin da ake zama da garin tuwo karinsu ɗaya, tsayin wasalin farko ne ya raba su. Da farko za ki ji kamar kunnenki ya toshe, ki faɗi kalma sau goma ki kasa tantance ko hawa ta yi ko sauka. Dabarar da ta taimake ni ita ce in rufe baki in yi gunjin kalmar a maƙogwaro, ko in yi ta da fito, sai karin ya fito fili ba tare da baƙaƙe sun rufe shi ba. Ki riƙa yi wa kalma ashirin alama kowace rana kina duba amsarki a ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Paul Newman na 2007 suna nuna kari da tsayin wasali, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa zai taimake ki wajen bayyana ma'ana da Hausa tsantsa.

Bayan wannan sai aikatau. Ki san yadda tushe ɗaya yake ba da “ya sayi doki”, “ya saye shi”, “ya sayo”, “ya sayar”, “ya sayu”, da abin da kowace siga take ƙarawa na ma'ana. Masanin nan F. W. Parsons na makarantar SOAS da ke Landan ya tsara su aji bakwai a 1960, kuma har yau da lambobinsa ake kiransu a littattafan da ɗalibanki za su karanta, don haka idan ɗalibi ya ce miki aji na shida ki san “sayo” da “kawo” yake nufi. Sai jinsi, inda za ki ce musu yawancin sunayen da suka ƙare da wasalin a mata ne, kafin ki rufe baki wani ya tambaye ki gida da ruwa da nama da suna. Sai jam'i, wanda a ganina shi ne wurin da ya kamata malama ta faɗa wa ɗalibai gaskiya cewa su haddace kowace kalma tare da jam'inta, domin babu gajeriyar ƙa'idar da za ta kai mutum daga doki zuwa dawaki, daga tunkiya zuwa tumaki, daga sa zuwa shanu. Baƙaƙe masu ƙugiya kuwa aikin kunne ne da maimaici: baki da baƙi, kafa da ƙafa, har sai sun daina kiran mutanen da suka ziyarce su da sunan abin da ake cin tuwo da shi. Ki sa allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ a kwamfutarki da wayarki tun daga gida.

Ki kuma shirya wa bambancin karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan Kananci, amma a cikin masu koyon Hausa a Amurka akwai waɗanda suka fara jin ta a Nijar, inda Amurkawa 'yan sa kai na shirin Peace Corps suka yi aiki daga 1962 zuwa 2011, da kuma 'ya'yan Hausawan zango na Gana da aka haifa a can. Idan ɗalibi ya ce “biyat” kada ki ce ya yi kuskure, ki gaya masa inda ake faɗin haka, sannan ki nuna masa abin da ake rubutawa.

Abin da za ki sa a jaka

Kayan koyarwa su ne kan gaba: hotunan kasuwa da tasha da gidan biki waɗanda kika ɗauka da izinin mutanen ciki, gajerun hirarraki da kika naɗa da muryoyin maza da mata da yara, littattafan firamare na Hausa, da 'yan takardun naira don darasin ciniki. Labaran sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957, suna nan a intanet ga ɗaliban da suka yi nisa. Ki ɗauki atamfa da leshi kaɗan don ranakun taro, amma kada ki sayi rigar sanyi a gida, domin abin da muke kira rigar sanyi a Zariya ba ya tare komai a inda ruwa ke daskarewa a kan titi. Ki saya a can, da takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu. Suna auna zafi da ma'aunin Fahrenheit, inda 32 take daidai da sifiri a namu. Ƙarfin wutar lantarkinsu bolt 120 ne, namu 230, kuma bakin soket ɗinsu daban ne.

Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji za su yi miki rana, amma wajibi ne ki bayyana duk abincin da kika shigo da shi ga jami'an kwastan. Kilishi da dambun nama ba sa shiga, komai kyan naɗinsu, kuma ɓoyewa tana jawo tara. Ainihin takardunki, da DS-2019, da magungunanki, su zauna a jakar hannu.

Aji da zama

Ajinki zai yi ƙanƙanta, wataƙila mutum uku ko biyar, wani lokaci ma ɗaya. Ranar farko za ki raba musu takardar tsarin darasi mai ɗauke da abin da za a yi kowane mako, da ranakun jarrabawa, da yadda za a raba maki, kuma su suna ɗaukar ta tamkar yarjejeniya, don haka kada ki canza ta da ka. Ɗalibi zai zo ya tambaye ki dalilin da ya sa ya samu maki 17 maimakon 18, ba raini ba ne, ki ajiye hujjar kowane maki. Doka ta hana bayyana sakamakon ɗalibi ga wani, har da iyayensa, balle a kafe shi a allo da suna kamar yadda muke yi. Za su so kiran ki da sunanki kai tsaye. Ni na ce su kira ni Malama, na mai da shi darasin farko a kan girmamawa, daga nan muka shiga “ranka ya daɗe” da dalilin da ya sa ba a gaida babba a tsaye ƙiƙam. Ki yi magana da Hausa gwargwadon iko tun daga ranar farko, ki rage bayani da Turanci, kuma idan an yi miki tambayar da ba ki da amsarta ki ce za ki duba, sannan ki duba ɗin.

Za a yi miki tambayoyi a kan hijabi da auren mata fiye da ɗaya da Boko Haram, wasu da kyakkyawar niyya, wasu da rashin sani. Ki amsa daga abin da kika gani da idonki, ba sai kin kare kowa ba, ba kuma sai kin kushe gida don a yaba miki ba.

Ki nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar a makon farko, su za su nuna miki masallaci da shagon naman halal da wanda zai kai ki a mota. Alƙibla a yawancin Amurka arewa maso gabas take, abin da ya ba ni mamaki har na yi ta gardama da wayata. A tsakiyar hunturu magariba tana faɗawa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, kuma wannan duhun da wuri, tare da shirun ɗaki, shi ne abin da ya fi taɓa ni, fiye da sanyin kansa. Maganin da na samu shi ne fita kullum ko da ba ni da aji, da tsayar da lokacin kiran gida. Najeriya tana gaban gabashin Amurka da sa'o'i shida a hunturu, biyar a bazara, saboda suna matsar da agogonsu sau biyu a shekara, kuma ya kamata ki bayyana wa Hajiya wannan don kada ta kira ki ƙarfe uku na dare ta ji shiru hankalinta ya tashi. Game da kuɗi kuwa, ki faɗa wa dangi tun kafin ki tafi cewa alawus ne na zama, ba albashi ba, kuma bizarki ba ta ba ki damar yin wani aiki a gefe ba.

Kafin ki dawo

Bayan ranar ƙarewar shirin kina da kwana 30 ki bar ƙasar, kada ki ƙara ko ɗaya. Ki cike takardun haraji da ofishin ɗalibai baƙi zai nuna miki, ki tambaye su abin da za ki sake cikewa a shekara mai zuwa daga gida. Ki tattara tsarin darussanki da jarrabawoyi da muryoyin da kika naɗa ki bar wa sashen, domin malamar da za ta gaje ki. Sannan ki karɓi sakamakon darussan da kika ɗauka, da wasiƙa daga mai kula da aikinki mai bayyana abin da kika koyar da tsawon lokacin, a kan takarda mai tambarin jami'a da sa hannu. Lokacin da na kai takarduna don ƙarin girma, waɗannan biyun aka fara tambaya ta, kuma wata abokiyar tafiyata da ta taho ba tare da su ba ta shafe wata huɗu tana aika imel kafin a turo mata.